Zuwa ga 'Yan'uwa a Gombe, kan Masu Jinyarmu

'Yan'uwana na Kaltungo, Billiri da cikin garin Gombe, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Labari ya iso ni cewa wata 'yar'uwa mai ciwon ƙoda ta daina zuwa sujada, don an ce mata da bangaskiyarta ta cika, da tuni ta warke. Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai.

Aikina a nan Ingila kula da tsofaffi ne. Tun 1948 gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar jama'a a ƙasar nan, ga likitoci, ga na'urori, amma jiki bai fasa tsufa ba. Akwai wata dattijuwa, mai bi ce ta gaske, da hannunta ke rawa har ba ta iya kai cokali baki, sai na ba ta. Da dare nakan juya ta don kada kwanciya ta yi mata gyambo. Ta manta sunayen 'ya'yanta, amma in na fara Addu'ar Ubangiji sai leɓenta ya kama motsi. Wa zai dube ta ya ce bangaskiyarta ce ta gaza?

Manzo Bulus kansa sau uku yana roƙon a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12). Ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, Timoti kuma yana ta fama da ciwon ciki. Li'azaru ma da aka kira daga kabari, mutuwa ta sake zuwar masa daga baya. Mu roƙi warkarwa, ni ma ina roƙo kullum, amma ba a kanta begenmu ya tsaya ba. Alkawarin shi ne tashin matattu, kuma wannan jikin da ke ciwo shi ne za a tayar. Duk manomin ƙasar Tangale ya san ƙwayar dawar da ya binne ba a kamanninta take fitowa ba. Da misalin shuka Bulus ya bayyana abin a 1 Korintiyawa 15: ana shuka jiki da rauni, ana ta da shi da iko, marar ruɓewa.

Wannan begen bai hana Yesu kuka a Betanya kan mutuwar Li'azaru ba, don haka kada a tsawata wa gwauruwa in ta yi hawaye wurin jana'iza. Bai kuma hana neman magani ba. Wanda kububuwa ta sara, a garzaya da shi asibitin Kaltungo, a yi addu'ar a hanya. Masu shirin aure su yi gwajin jini saboda sikila.

Iyayena na Zumuntar Mata, ku nake roƙo musamman. Ku je gidan 'yar'uwar nan, ku ce mata sannu, ku zauna, ku yi mata waƙa. A haɗa mata kuɗin wankin ƙoda gwargwadon hali. Ranar Lahadi kuma a sami mai abin hawa ya ɗauko ta.

Ku gaida dattawan ikilisiya da dukan masu jiki.

'Yar'uwarku cikin Almasihu,
daga Ingila