Inda allura ke zuwa bayan an zare ta

A makarantar koyon aikin jinya an koya mana riƙon allura, da jijiyar da za a nema, da zurfin da za a kai a tsoka. Inda allurar za ta bayan an zare ta daga jikin majinyaci kuwa, sai a bakin aiki na gane girmansa, domin yawancin sukar allura da na gani ma'aikata sun samu a nan take faruwa.

Wadda kowa ya sani ita ce ta mayar da murfi. Hannu ɗaya na riƙe da murfi, ɗaya da sirinji, ga gajiyar aikin dare, ga wuta an ɗauke ana haskawa da fitilar waya, sai tsini ya kauce ya shige yatsa. Safar hannu ba ta tare tsini. Ƙa'ida ita ce kada a mayar da murfin, a jefa allura nan take cikin kwalin nan mai ruwan ɗorawa, idan ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kai ƙonawa. In ya zama dole a rufe, a ajiye murfin a kan tebur a zura allurar da hannu ɗaya. Amma na sha ganin kwali ya cika maƙil ana danna sirinji da yatsa don a samu wuri, saboda babu wani a sito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ba su taɓa yi wa kowa allura ba. Kanula, wato allurar da ake sa wa majinyaci a jijiya don ƙarin ruwa, da aka manta a cikin zanin gado, hannun mai wanki take jira. Rezar tiyata da aka bari a faranti, mai wanke kayan aiki ce za ta laluɓo ta a ruwan kumfa. Allurar da aka jefa a kwandon shara tana huda leda ta samu ƙafar mai kwashewa. Ni idan allura ta soke ni na san jinin wane ne, ana iya neman izininsa a gwada shi. Su ba su san ko na wane ne ba. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, ba a kiran su bita, in an kira su ma da Turanci ake yi.

Da an ce allura ta soki wani, kanjamau ke faɗo wa kowa a rai. Amma idan jinin mai ɗauke da ita ne, kamar mutum 3 cikin 1,000 ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in C kusan 2 cikin 100 ne. Nau'in B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, daga 6 har 30 cikin 100, kuma ƙwayar tana kai mako guda da ranta a busasshen jini. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya, kanjamau kuma kashi 1.4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, ma'aikatan lafiya kusan 66,000 sun kamu da nau'in B ta hanyar suka, 16,000 nau'in C, 1,000 kanjamau.

Abin takaicin, nau'in B ne ke da rigakafi: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, don haka yawancinmu da aka haifa kafin nan ba mu same ta a yarinta ba. A ganina bai kamata a miƙa wa mutum tsintsiya a asibiti ba sai an fara masa wannan allura, kuma asibitin ne ya kamata ya biya.

Sai shirun da ke biyo bayan suka. Wata dattijuwa mai shara ta taɓa nuna mini yatsarta, ta ce, "Sista, ƙaramar suka ce, na matse jinin na shafa Jik." Na ce, "Iya, yaushe ne?" Ta ce tun shekaranjiya da safe, tana tsoron kada a ce ta yi sakaci a sallame ta. Matsewa, ko tsotsa, ko zuba Jik ba sa hana komai, fatar suke ƙara ɓatawa. Ruwa mai gudu da sabulu ake so, sannan a kai rahoto nan take. Maganin kariya daga kanjamau ya fi aiki idan an fara shi cikin awannin farko, ba a fara shi bayan awa 72, kuma kwana 28 ake sha. Mun samu ta fara da yammacin ranar, da sauran lokaci kaɗan.

Mu ma masu farin kaya muna ɓoyewa. Kafin a ba ka maganin sai an gwada jininka, kuma wanda zai gwada abokin aikinka ne da kuke sallah sahu ɗaya. Na san waɗanda suka gwammace su yi wata shida cikin fargaba da su shiga ɗakin gwajin. Ba na ganin laifinsu sosai, domin sirri ba ya daɗewa a asibiti. Gyaran yana wuyan shugabanni: a ware mutum ɗaya amintacce da ake kai wa rahoto, kuma kada rahoto ya jawo wa kowa faɗa ko takardar tuhuma.

Amurka ta kafa doka tun 2000 da ta wajabta wa asibitoci samar da allurai masu kariyar tsini. Mu kafin mu kai can, a wadata kowane ɗaki da kwali, a kuma ajiye maganin kariya na kwanakin farko a sashen gaggawa inda ake samun sa dare da rana. Wanda allura ta soka da ƙarfe shida na yammacin Juma'a, aka ce ya jira mai makullin sito zuwa ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ya riga ya cinye awa 62 cikin 72.