Katinka yana Arewa, kai kana Legas

Samarinmu da ke neman abinci a Legas, na Mil 12 da Agege da Idi-Araba da Alaba Rago har da ku 'yan Obalende, magana nake so mu yi ta tsakani da Allah. Yawancinku in aka ce ina katin zaɓenku sai ku ce yana gida, wato Kazaure ko Illela ko Funtuwa, kuma ranar zaɓe ba kwa zuwa gidan saboda kuɗin mota, nan ɗin ma ba ku da rajista. Ni ma haka na yi shekara da shekaru a garin nan, ina sayar da albasa, ina biyan haya da kuɗin shara da na kasuwa, yarana suna makaranta a nan, amma a raina ni baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne in ji manya. Har yau ban tafi ba, ku ma da yawanku ba yanzu za ku tafi ba.

Wallahi da wani ya zaunar da ni tun ina saurayi ya faɗa min yadda aka haɗa ƙasar nan da ban yi wannan sakacin ba. Kowa ya san Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, amma haɗin na takarda ne kawai, Turawa ne suka yi don sauƙin mulkinsu ba a tambayi kowa ba. Zaɓen farko na majalisar dokoki a 1923 aka yi shi, kujeru huɗu kacal, uku na Legas ɗaya ta Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ne zai jefa ƙuri'a. Jam'iyyar Herbert Macaulay ce ta cinye kujerun Legas ɗin. Arewa ba ta ma cikin majalisar, sai a 1947 ne wakilan Arewa da na Kudu suka fara zama ɗaki ɗaya, shekara 33 bayan an ce mun zama ƙasa ɗaya.

Kuma da aka zauna ɗin ba daɗi aka sha ba. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba mu mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a'a, sai dai lokacin da ya dace, don Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu. Da wakilan Arewa suka fito daga majalisa a nan Legas aka yi musu ihu, abin ya yi musu ciwo sosai, cikin watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano aka rasa rayuka. Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku duba da kyau, mutanen nan suna da dalilin da za su ce kowa ya kama gabansa, har an fara maganar, amma suka koma teburi a Landan da Legas, aka fito da tsarin tarayya a 1954, kowane yanki da gwamnatinsa ga kuma ta tsakiya. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa a 1959. A zaɓen 1959 ba jam'iyyar da ta iya kafa gwamnati ita kaɗai, dole NPC ta haɗa kai da NCNC ta Azikiwe, shi ya sa ranar 1 ga Oktoban 1960 ɗan Bauchi ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya karɓi ƙasar a filin sukuwa na Legas, filin da yanzu ke ɗauke da sunansa, nan kusa da Obalende inda kuke sauka daga mota kullum.

Abin da ya biyo baya kun sha ji, juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, da na ramuwa a Yuli, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Jini mai yawa ya zuba kafin a gane yankuna manya masu tsoron juna ba za su zauna lafiya ba, Gowon ya yi jihohi 12, Murtala ya mai da su 19, aka ƙirƙiro bautar ƙasa a 1973 don yaron Sakkwato ya ga Kalaba da idonsa.

Kuskuren da ya fi yi min nauyi a zuciya na 1993 ne. An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni, Abiola da Babagana Kingibe a gefe guda, Bashir Tofa a ɗaya gefen, Abiola ya ci har a Kano jihar Tofa, kun ga talakawan Arewa sun zaɓi Bayarabe da hannunsu ba wanda ya tilasta su. Gwamnatin soja ta soke zaɓen. Legas ta rikice, ana ƙona taya a titi, kasuwa a rufe, mu kuwa a rumfa abin da muke faɗa shi ne wannan rigimar Yarbawa ce, ɗansu aka hana, ina ruwanmu. Na ɗaure kayana na hau mota na yi Arewa har ƙura ta lafa. Akwai wani dattijo Bayarabe maƙwabcinmu da kullum yake ajiye min ruwa a jarka in famfo ya zo ba na gida, da na dawo ya ce min, Malam, ai ƙuri'ar mutanenku ma aka soke. Ban ba shi amsa ba don ba ni da ita. Shekarun da suka biyo baya suka nuna gaskiyarsa, Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan Katsina ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, Abiola ya rasu a tsare a Yulin 1998. Don haka in na ji yaro a Facebook ko TikTok yana cewa gara soja su dawo sai gabana ya faɗi, yaron da aka haifa bayan 1999 bai taɓa ganin lokacin da mutum ke waige-waige kafin ya yi magana a shayi ba. Farar hula suna da laifinsu tuli, tsadar rayuwar nan ni ma tana cina, amma su ana iya sauke su, mun gani a 2015 da Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama faɗin sakamako ba.

Ɗaya kuskuren ƙarami ne a ido amma shi ya fi taɓa aljihuna. Unguwarmu akwai ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya, CDA suke ce mata, duk ƙarshen wata suna mitin a kan bencuna a gaban wani shago. Ni dai in an kawo takarda sai in ba yaro kuɗin ya kai, ba na zuwa, ina ganin taron masu gari ne kuma da Yarbanci ake yi. Rana ɗaya suka yanke a riƙa rufe get ɗin layi da wuri saboda ɓarayi, mu kuwa duk 'yan kasuwa ne da motocinmu ke isowa daga Arewa cikin dare, sai ka dawo daga sauke kaya a gajiye ka tarar da kwaɗo a get. Muka yi ta ƙorafi wai don mu Hausawa ne. Da na daure na je mitin ɗin sai na ga ba wanda ya ma san muna aikin dare, ba mu taɓa zuwa mun faɗa ba. A zaman nan aka ba mu makulli ɗaya. Ba na cewa babu ƙiyayya a garin nan, akwai, wanda ya ga rikicin Ketu a 1999 ko na Idi-Araba a 2002 ko na Mil 12 a 2016 ba zai ce babu ba, amma da yawan abin da ke samunmu rashin zuwa inda ake yanke magana ne ya jawo.

Ku duba lokacin da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, yaranmu nawa suka rasa sana'a, amma ɗan siyasa lissafin ƙuri'a yake yi, in dubu ne ku a unguwa kuma katinku duk yana Jigawa, a littafinsa ba kowa a wurin. Sarkin Hausawa zai je ya yi roƙo, Allah Ya saka masa, amma in ya shiga ofis da mutane masu kati a bayansa daban ake sauraronsa.

Kuma dokar ƙasa tana tare da ku. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ce ɗan Najeriya yana da ikon zama duk inda ya so a ƙasar, na 42 ya hana a nuna masa bambanci don ƙabila ko addini. Tun 1979 aka sa sharaɗin cewa ba mai zama shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, yanzu jihohi 24 kenan cikin 36, an yi haka ne da gangan don kowane ɗan takara ya buƙaci wanda ba yarensu ɗaya ba.

To in INEC ta buɗe rajista ku je ofishinsu na ƙaramar hukumar da kuke zaune ku ce kuna so a dawo muku da katinku nan, ana iya farawa ta intanet ma, kuma kyauta ne kar wani ya karɓi kuɗinku. Ku tafi da matanku, don matan Arewa sai a 1979 suka fara zaɓen shugabannin tarayya, shekaru da yawa bayan 'yan uwansu na Kudu, bai kamata mu sake barinsu a gida ba. Ku koyi Yarbanci ko na gaisuwa da ciniki ne, ku san sunan kansilanku, ku je mitin ɗin unguwa ko ba za ku ce komai ba a karon farko. Masu karatu a cikinku kuma ku sani tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha, ga kujerar kansila nan ma a mazaɓun da muke da yawa irin na Agege, ku shiga jam'iyya tun daga matakin mazaɓa ku riƙa zuwa taro, don a can ake fitar da ɗan takarar da za ku jefa wa ƙuri'a ranar zaɓe.