Agogona ya kai ni garin gwamna

Jiya da la'asar na iso Gusau daga Kaduna, kuma har yanzu ba na minti goma ban ɗaga hannu na duba agogo ba, in gwada shi da na waya. Kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Rabona da ganin haka wata biyu ke nan.

Agogon na Siwizalan ne, otomatik, ba ya cin batir. A Jidda na saye shi bara bayan na gama Umra, da kuɗin da za su sayi sabon babur. Aka ba ni shi cikin akwatinsa da rasit da katin garanti na shekara biyu, an buga hatimi da kwanan wata. Bayan Babbar Sallah sai ya kama gudu, kullum ya ƙara minti 12 ko fiye. Na kai wa mai gyaran da ke kusa da shagona, mutumin kirki da ya daɗe yana sa mana batir. Ya buɗe murfin baya, ya leƙa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Wani abokin ciniki ya ce min akwai kanti a Kaduna da ke karɓar irinsa. Zuwa da kai ya fi saƙo, na shirya.

Kan hanya ba abin faɗi, sai addu'ar da kowa ke yi ƙasa-ƙasa daga Tsafe har muka shiga Funtuwa. Muka wuce Giwa da Zariya, muka sauka Kawo ana kiran azahar. Na yi niyyar kama ɗaki a otal, amma da na kira Kawu don in gaishe shi ya ce, "Ina raye a Tudun Wada ɗan ƙanwata ya kwana a otal? Hau Keke ka zo." Tuwon shinkafa da miyar taushe na tarar, ga ɗakin ɗansa an share min.

Washegari muka je kantin. Sanyin na'ura, gilashi ko'ina, agoguna na sheƙi a ƙarƙashin fitila. Na yi sallama, saurayin da ke kan kanta bai ɗago ba, waya yake da Hausa tsantsa. Da ya gama sai ya juyo mana da Turanci. Ni ban damu ba, amma Kawu dattijo ne mai furfura, ko kujera ba a nuna masa ba. A Gusau yaron shago da ya yi haka, maigidansa zai ji labari kafin magariba.

Ya juya agogon, ya sa madubi a ido, ya nuna min wani ɗan ƙarce a gefen murfi. "Oga, an buɗe wannan. Garanti ya faɗi." Ya ƙara da cewa su ba sa gyara a nan, Legas suke turawa, daga can ma wataƙila a fitar da shi waje. Wata uku zuwa huɗu. In biya kuɗin aikawa yanzu, kuɗin gyara kuma sai an duba, da dala za a lissafa. Na ce to, a rubuta min lambar da ke jikin agogon a kan rasit. Ya ce ba haka suke yi ba. Nan na miƙa hannu na karɓi abina. Yaya zan bar kayan da ya kai kuɗin babur a kan takardar da ta ce "agogo ɗaya"?

Maganar garanti dai gaskiyarsa ce, na karanta ɗan littafin a daren nan. An rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa in wanda ba wakilinsu ba ya buɗe, sun fita. Gilashi da maɗauri ma ba sa ciki, haka duk ɓarnar da mai shi ya jawo da hannunsa. Abin da ke ci min rai shi ne a Jidda ba wanda ya faɗa min ko ɗaya cikin waɗannan. Ana ta yabon cewa Rolex sun mayar da garantinsu shekara biyar tun 2015, Omega ma suka bi a 2018. Madalla. Amma mutumin Gusau da wakili mafi kusa da shi ke can nesa, yawan shekarun me zai ƙara masa? Da kuɗinmu ake saye, a lissafin gyara kuwa ba a san da mu ba.

Kawu bai ce komai ba sai da muka fito titin Ahmadu Bello. Ya ce, "Zo mu je wurin mutumina." Muka shiga babbar kasuwa, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, kuma na ji daɗin ganin sunan ɗan Gummi, mutumin jiharmu, a kasuwar garin gwamna. Can cikin wani lungu muka sami tsohon, da ɗan teburi mai gilashi cike da tsofaffin Seiko 5 da Rado irin na iyayenmu. Ya tashi ya ba Kawu bencinsa, ya aika a kawo mana ruwa.

Na ce, "Baba, gudu yake yi." Bai buɗe ba. Ya ciro kamfas irin na duba alƙibla, ya ajiye, ya kawo agogon kusa. Allurar ta karkata, ya zagaya da shi ta bi shi. Ya ce, "Alhaji, ina kake ajiye shi da dare?" Na ce a kan rediyo, kusa da gado. Ya gyaɗa kai. Lasifikar rediyo akwai maganaɗisu a ciki, haka murfin wasu wayoyi. A cikin injin kuwa akwai wata siririyar waya kamar gashi, a naɗe, ita ke daidaita bugun agogo. In maganaɗisu ya kama ta sai zagayenta su manne da juna, ta gajarce, agogo ya yi ta sauri. Ya ɗora shi a kan wani ɗan akwati mai amfani da wuta, ya danna, ya janye shi a hankali, sau biyu. Ya mayar kusa da kamfas. Allura ko motsi.

Na tambayi kuɗi, ya ce naira 2,000. Na ba shi 5,000, ya ƙi, sai da Kawu ya sa baki. Sannan ya ce robar da ke tare ruwa ta tsinke wurin buɗewar farko, shi kuma ba shi da irinta, sai ya yi odarta daga Legas. Kafin nan in riƙa cire shi duk lokacin alwala, in kiyaye shi da ƙurar hunturu. Ya ce man da ke ciki yana bushewa, bayan 'yan shekaru dole a wanke inji a sa sabo. Mutumin da ya iya karɓe min dubu hamsin ban sani ba, shi ne yake faɗa min abin da ba zai iya ba.

Sauran abin Kaduna kuwa tsada. 'Yar tafiyar Keke da ba ta kai daga Tudun Wadan Gusau zuwa tasha ba, sai a ce ninki. Shayi da burodi ma haka. Amma titunansu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, kuma gadar Kawo abin kallo ce.

Na yi Juma'a a masallacin Sultan Bello. Asabar na sayi yadi biyu a Kasuwar Barci, Lahadi da sassafe Kawu ya raka ni tasha da ƙullin dambun nama na yara. Rediyon na mayar da shi falo. In robar ta iso Baba zai kira Kawu, ni kuma in koma.