Buhu uku na ɗanyar aya

Har yau in na ji warin fumfuna sai gabana ya faɗi. Kunun aya nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, kuma da a kasuwar Kejetiya nake sarowa. Maƙwabciyata ce ta zuga ni in riƙa zuwa tushe, wato Aduamoa, can kan dutsen Kwahu, garin da ya yi suna da aya, wadda mutanen wurin ke kira atadwe.

Zuwan farko a Janairu ne, tsakiyar hunturu. Daga Nkawkaw mota take fara hawa, tana murɗa kwana har Obomeng da Mpraeso, kunnena ya toshe. Sanyin can ba irin na Kumasi ba ne, da zane biyu na kwana. Ayar kuwa a bushe take, duk ta yamutse, na saya na dawo lafiya lau. Na koma lokacin Ista, ban ƙara zuwa a irin lokacin ba: cunkoso, kuɗin mota ya hau, kowa ya tafi Atibie kallon masu tashi da lema daga dutsen Odweanoma.

A Yuli na yi ɓarnar. Gajimare ya sauko har kan gonaki, rogo da ayaba sun yi shar, ana ta tonon aya. Manya-manya, sumul, in ka tauna madara ta cika maka baki, ga araha. Na auni buhu uku. Tsohuwar da ta sayar min ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, kina isa gida ki zazzage ki shanya.” Na ce to, Mama.

To ina ranar shanya a Kumasi cikin Yuli? Buhunan leda ne, na jingine su a ɗaki, baki a ɗaure, wai sai ruwa ya ɗauke. Kwana huɗu kawai. Da na kwance, tsakiyar buhu har ɗumi take yi, ta yi fari fat, tsami ya cika gidan. Ashe rabin nauyin da na biya wa kuɗin mota ma ruwa ne da ƙasa. Ko a tsakar ɗaki na baza ta a kan tabarma, da ta tsira.

Kuɗin adashe ne fa, wata biyar ina zubi. Yanzu in damina ce kwano goma nake ɗauka, a buhun algarara, sauran sai Disamba. Tsohuwar kuma duk zuwa sai ta tambaye ni ko na shanya.