Zobban da Nake Saye Ba Na Sawa

Zobena na farko a cikin faranti na tsince shi, a kasuwar Sawarik da ke kudancin Jidda, tsakanin matattun agoguna da rimot ɗin talbijin da cajar wayoyin da aka daina yayi. Mu nan haraj muke ce wa irin wannan kasuwa. Mutanen gida kada ku ji haraj ku ɗauka kuɗin gwamnati ake karɓa, gwanjo ce kawai irin ta Ƙofar Wambai, sai dai ita har firji da ƙofar gida da rigar amarya za ka samu. Zoben ƙato ne, ya fi ƙarfin yatsana, yana ta walƙiya, ga sunan Lakers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Amurka, a samansa, ga 2000 a gefe, irin zoben da ake ba 'yan wasan da suka ci gasa. Mai farantin ya ce riyal 60, na ce 30, muka tsaya a 40. Na jefa shi aljihu ƙirjina na dukan uku-uku, ina cewa yau tsuntsu daga sama gasasshe.

Washegari ban yi karin kumallo ba na nufi Balad, tsohon garin Jidda, wajen wani tsohon maƙerin zinari mutumin Yaman da uwargida take kai wa 'yan kunne gyara. Ya karɓa, ya jinjina shi a tafin hannu, ya goga gefensa a kan baƙin dutsen gwajinsa, ya ɗiga ruwan asid. Zanen ya ɓace nan take. Bai ko yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, nawa ka saya?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ba a cuce ka ba, kuɗin wanki ka biya." Sanholo ne aka shafa wa ruwan gwal, duwatsun kuma gilashi ne da aka liƙa da gam.

Da ina da hankali da nan na tsaya. Shekara tara ke nan, yanzu zobba goma sha ɗaya ne a akwatina.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Mu a ƙwallon ƙafa lambar yabo muka sani, a rataya wa ɗan wasa a wuya, a ɗaga kofi, a tashi. Lokacin da Ittihad ta Jidda ta ci kofin zakarun Asiya a 2004 da 2005, da Muhammad Nur Hausawi a tsakiyar fili, abin da aka rataya musu ke nan, kuma har yau tsofaffin unguwar Hindawiyya ba su gama ba da labarin ba. Amurkawa su tasu al'adar daban ce. Kofi na ƙungiya ne, yana zaune a ofis, amma kowane ɗan wasa ana ƙera masa zobe da sunansa da lambar rigarsa da shekarar da aka ci. A wasan besbol 'yan New York Giants na 1922 ne suka fara karɓa. A wasansu na zari-ruga kuwa, zoben Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasarsu, na farko da Green Bay Packers suka samu a 1967 lu'ulu'u ɗaya tak ke kansa, kamfanin Jostens ya ƙera. Daga nan abin ya zama gasar nuna isa. New England Patriots da suka ci a 2017 sai suka sa lu'ulu'u 283 a nasu, don a wasan an kai ana cin su 28 da 3 kafin su farfaɗo. Wato har gori ma da lu'ulu'u ake rubuta shi.

Ni abin da ya ja ni ciki Zariya ce. Can na taso, can na buga ƙwallon kwando da takalmin aro, kafin neman abinci ya kawo ni shagon kayan gyaran mota a Jidda. Daren da Toronto Raptors suka doke Golden State suka ɗauki kambun NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, 13 ga Yunin 2019, mu nan asubahin Juma'a ne. An jefa ƙwallo ƙarfe huɗu, na bar waya a kan katifa na je masallaci, na dawo da sassarfa. Shugaban ƙungiyar a lokacin Masai Ujiri ne, wanda a Zariya ya girma, a nan ya fara riƙe ƙwallon. Da aka raba musu zobba a watan Oktoba, na 'yan wasa na ɗauke da lu'ulu'u sama da 600, 'yan kallon da suka shiga fili a daren kuma aka ba kowa kwafi mai araha ya tafi da shi gida. Ɗaya daga cikin waɗannan kwafin na bi a intanet har na samu. Na san ba gwal ba ne, mai sayarwa ma bai ce gwal ba ne. Shi ne zoben da na fi so, kuma in ka kai shi Balad ko kuɗin shayi ba za a ba ka ba.

A nan ne sabon shiga yake faɗawa rami, don kalmar "na asali" hawa-hawa ce a wannan harka. Akwai na ɗan wasa, shi ne uban tafiya. Akwai na ma'aikata, masu kula da kayan wasa da 'yan ofis, wanda sau da yawa ana rage masa gwal ko a musanya lu'ulu'un da dutsen roba. Akwai na talla, wanda kamfanin da ya ƙera yake ba wakilansa su nuna wa masu saye: sunan babban ɗan wasa na jikinsa, amma yatsan ɗan wasan bai taɓa shiga ciki ba. Wannan shi ya fi cin kuɗin mutane, don komai nasa daidai ne sai tarihinsa. Sai na magoya baya da ƙungiya ke sayarwa a fili, sai kuma irin na farantina, da ake zubo su buhu-buhu.

Abin da tsohon nan na Balad ya koya mini da wanda na koya da aljihuna: ka fara juya zoben ka duba cikinsa. Na ƙwarai yana da hatimin kamfani da na karat, 10K ko 14K, rubutun a tsaye, ba ya narkewa kamar an zana a kan sabulu. Ka duba duwatsun da tabarau mai ƙara girma, ka ga ƙananan farata ne suka riƙe su ko gam ne. Ka sa a sikeli, gwal yana da nauyin da sanholo ba ya iya kwaikwaya. Mayen ƙarfe kada ka dogara da shi, domin jabun ma yawanci ba ya kama su. Bayan duk wannan sai babbar tambaya: daga hannun wa ya fito? In zoben ɗan wasa ne, ina takardar da shi ko magadansa suka sa wa hannu? In babu, labari kake saye.

Sau ɗaya na taɓa sayen na gwal na gaske. Ba na NBA ba, wane ni. Na wata ƙaramar jami'a ce a Amurka da ta ci gasar yankinta shekaru da dama da suka wuce. Da kuɗin zoben da na jirgi da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a nan, ya tasar mini riyal dubu biyu da ɗari uku. Na kai wa tsohon da fara'ata. Wannan karon zanen bai ɓace da wuri ba. Ya duba ciki ya ce, "Karat 10." Ya ɗauko kalkuleta ya nuna mini: cikin kashi ɗari, 41 da ɗoriya ne gwal, sauran gauraye ne. Ya ɗauko awarwaro daga gilashinsa mai hatimin 875, wato karat 21, ya ajiye su gefe da gefe. Sai na ga nawa ya yi fari fat kamar mai jinya. Ya ce, "Wannan in ka sa a lefe, dangin amarya za su maido maka da akwatin."

Uwargida ma hisabin da ta yi mini ke nan, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ciwo. Ta ce, "Baban yara, da kuɗin nan 'yan kunne ka saya mini, ranar da igamar zamanmu ta ƙare ko haya ta zo sai mu kai Balad mu karɓi kuɗinmu. Wannan wa zai saya a Jidda?" Gaskiyarta. A wajen matanmu gwal asusu ne da ake ratayawa a wuya, giram ake aunawa, farashin ranar ake bi. Shi kuwa zoben gasa ba a sikeli kuɗinsa yake ba. Zoben Lakers na 2000 da Kobe Bryant ya sa aka ƙera wa mahaifinsa an sayar da shi a 2024 kan dala dubu 927, kusan riyal miliyan uku da rabi. Narka shi ka auna, ba zai kai ko kusa ba. Na Lawrence Taylor, tsohon ɗan wasan zari-ruga, ɗansa ya kai gwanjo a 2012, ya tashi a dala dubu 230. Har Putin na Rasha ya shiga labarin: a 2005 mai ƙungiyar Patriots, Robert Kraft, ya miƙa masa zobensa ya gani, ya gwada a yatsa, zobe bai dawo ba. A lokacin an ce kyauta ce, a 2013 Kraft ya ce shi ba da niyyar kyauta ya miƙa ba.

Sai maganar sawa. Surukina, wanda ya yi shekara arba'in a Makka, ya zo mana ziyara ya gan ni ina goge na gwal ɗin. Bai tambaye ni kuɗi ba. Ya ce, "Ka dai san namiji ba ya sa zinari." Na ce, "Na sani, Baba, ajiya ce." Ya ce, "Ajiyar me?" Na rasa ta cewa. Zoben da ke hannuna na azurfa ne, na riyal 35, shi nake zuwa masallaci da shi. Sauran suna kwance cikin akwatin turare da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Don in kare kaina na ba shi labarin Hakeem Olajuwon ɗan Legas, da ya ci kambu da Houston a 1994 da 1995, wanda azumin Ramadan bai hana shi buga wasa ba. Na ƙara da Kareem Abdul-Jabbar, da ya ci sau shida, ya kai zobba huɗu gwanjo a 2019 tare da wasu kayansa, aka tara kusan dala miliyan uku, mafi yawa ya tafi gidauniyarsa ta karatun yara. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ai shi sayarwa ya yi. Kai saye kake yi."

Zoben jami'ar nan akwai sunan mutum a gefensa, da lamba 14. Ba zan rubuta sunan ba, ban san shi ba, bai san ni ba. Ƙasan zoben ya siɗe, har hatimin ya fara shafewa, alamar an daɗe ana sa shi kullum, ba a akwati ya yi rayuwarsa ba. Irin waɗannan yawanci ta shagon jingina suke fitowa, ko bashi ya ci mai shi, ko ya rasu magada suka kwashe kayan ɗaki suka sayar a dunƙule. Na sha tsayawa a shagon tsohon nan in ga mace ta kunce bakin gyale ta fito da sarƙar aurenta, ta ɗora a sikeli tana kallon wani waje. Duk sanda na ɗauki mai lamba 14 ita nake tunawa. Sau biyu ina rubuta sunan a Facebook don in nemi iyalinsa, sau biyu ina gogewa. In na same su me zan ce? In mayar musu, ko in sayar musu da abin ubansu?

Juma'ar da ta wuce na koma Sawarik neman fanka. Mai farantin yana nan, ya tsufa, farantin ma bai canza ba. Ya hango ni ya ɗago wani ƙaton zobe mai tambarin Chicago Bulls, ƙungiyar da Michael Jordan ya buga wa, ya ce, "Ya Hajji, na Jordan ne da kansa." Na juya cikinsa, babu hatimi, gam har ya fito ta gefen duwatsun. Na ce masa 25. Ya ce 40. Fankar sai wani makon.