Godiya bayan zaman kallon majigi a Armidale

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ni da iyalina muna miƙa godiya ga duk waɗanda suka amsa gayyatarmu ranar Asabar ɗin da ta wuce, suka fito cikin sanyin garin Armidale na ƙasar Ostireliya da ke sa ƙanƙara ta kwanta a kan gilashin mota, domin mu kalli fim ɗin Backtrack Boys tare, fim ɗin da ke nuna yadda ake gyara tarbiyyar samari ta hanyar ba su karnuka su horar. Da yawa daga cikinku sun ɗauka zaman cin tuwo ne da kallon majigi kawai. Kaɗan ne suka san cewa mun shirya shi ne don nuna godiya a kan fitarmu daga wata takwas na tashin hankali, kuma da yardar ɗana nake faɗin abin da zan faɗa a nan.

Karatu ne ya kawo ni Ostireliya, na zo da maman yara da 'ya'yanmu uku. Babban, mai shekara 15, shi ne wanda zaman bai karɓa ba. Yaron da a gida ba ya iya haɗa ido da babba ya koma faɗa a makaranta, aka dakatar da shi har sau biyu, sannan wani dare muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga 'yan sanda biyu da shi a tsakiyarsu. A jihar New South Wales, inda muke zaune, ana iya gurfanar da yaro a kotu tun yana ɗan shekara 10, don haka na san ba wasa ba ne. Na yi abin da na gada: na yi faɗa, na yi nasiha, na yi barazanar mayar da shi gida wajen kakarsa. Duk lokacin da na ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai ya ce "to, Baba", ya shige ɗaki, gobe a maimaita.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, tana ga wani dattijo Bature mai kiwon tumaki a bayan gari, wanda aikin bincikena ya haɗa ni da shi. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Shi ya lura da ramar da na yi, ya tambaye ni, na rasa yadda zan ɓoye. Ya ce in nemi wannan fim in kalla, sannan in riƙa kawo masa yaron kowace Asabar ya taya shi aiki da karnuka. Gaskiya raina bai so ba. Mu da muka tashi a inda kalmar kare zagi ce, ina ni ina miƙa ɗana ga karnuka su yi masa tarbiyya? Sai da na buga wa malamina waya a gida. Ya yi dariya, ya tuna mini cewa hadisi ya halatta riƙe karen farauta da na kiwo da na gadin gona, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, domin da ya ce a'a, da maganar ta mutu a nan.

Ranar farko ina tsaye a jikin shinge ina kallo. Aka ba yaron wata karya ja irin ta kelpie, wato karnukan kiwon tumaki na ƙasar, aka ce ya sa ta tattaro garke. Ya daka mata tsawa, ta kwanta ta kawar da kai. Ya sake dakawa da ƙarfi, ta tashi ta koma gindin mota. Dattijon ya matso a hankali ya ce masa: "Ba kurma ba ce. Fushinka take ji, shi ya sa ba ta jin umarninka." Yaron ya tsuguna, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya yi fito sau ɗaya a tausashe, sai ga ta ta zabura ta zagaye tumakin ta baya. Ban ce komai ba, amma na san ba yaron kaɗai aka yi wa wannan magana ba. Yanzu shi ke tashi bayan sallar asuba ba tare da an tashe shi ba, domin akwai wadda ke jiran ya ba ta abinci, kuma na ga ranar da ya sa ta bi ta kan gadon bayan tumaki a cikin turke don ta kora na gaba, yana dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba.

Ga waɗanda suka iso a makare, fim ɗin na Catherine Scott ne, ya fito a 2018, kuma ya ci kyautar zaɓin masu kallo a bikin fina-finai na Sydney a shekarar. Labarin gaskiya ne na wasu samari uku a cibiyar BackTrack, wadda Bernie Shakeshaft ya kafa a nan garin a 2006, daga rumfar kwano da 'yan sa-kai kaɗan. Mutum ne da ya yi aikin kiwo a arewacin ƙasar, inda ya koyi bin sawun karnukan daji a wajen 'yan asalin ƙasar, kuma a 2020 aka karrama shi a matsayin gwarzon al'umma na ƙasa baki ɗaya. Yaran da makaranta ta gaji da su yake ɗauka, a koya musu walda da aikin gona, a ba su karnuka su horar, su riƙa zagaya bukukuwan baje kolin noma ana gasar tsallake katangar katako. Burinsa uku ne: yaro ya rayu, kada ya shiga kurkuku, ya bi abin da yake fata. Abin da ya fi burge ni shi ne fim ɗin bai yi mana ƙarya ba. Yaran suna gyaruwa su sake zamewa, kotu ba ta yi nisa da su ba, amma ba a taɓa rufe musu ƙofa. Ɗana bai shiga cibiyar ba, kuma ma'aikatanta ba su san mu ba, duk da haka muna gode musu, don aikinsu ne ya ba dattijon nan dabarar da ya yi mana.

Ga maman yara, wadda ta sha kuka a ɓoye don kada ƙananan su gani, ta kuma daure da wankin wandunan da ke dawowa da gashin kare da warin tumaki, ba ni da bakin gode miki, sai dai in ce Allah ya biya ki da aljanna. Muna godiya ga malamar makarantar da ta riƙa kiran mu ko da babu laifi, don kawai ta gaya mana ya yi abin kirki a ranar. Muna godiya ga ɗan'uwanmu na Nijar da ya ara mana majigi, da matan da suka kwana suna yin masa da miyar taushe, da ɗalibanmu na Gana da Sudan da suka jera kujeru suka kuma share ɗakin taron.

Iyaye biyu sun same ni a gefe bayan an tashi, kowanne da irin tasa damuwar. Sirrinku yana nan a rufe. Na yi wa dattijon magana, ya ce zai iya karɓar yaro ɗaya a lokacin askin tumaki, in dai zai zo da takalmi mai rufi kuma ya iso kafin ƙarfe 7 na safe. Sauran kuma za mu zauna mu ga yadda za a yi.

Akwai babbar kula shuɗiya da aka manta a ɗakin taron, tana hannunmu, mai ita ya neme ni. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya shirya mana zuri'a, amin.