Yadda na nuna fuskokin ƙwayar ludo a shafin intanet da lambobin haruffa

Ina koyar da lissafi ga yara ƴan firamare a nan Damagaram, kuma na daɗe da lura cewa yaron da yake jan ƙafa wajen haɗa uku da biyar a kan allo, da ya ga ƙwayar ludo an jefa sai ya faɗi jimillar kafin babba ya buɗe baki. Wannan ne ya sa na tsara wani ɗan shafi da iyaye za su buɗe a wayoyinsu, ya jefa ƙwaya biyu, yaro ya faɗi abin da suka tashi. Ban so in yi amfani da hotuna ba, domin kuɗin shiga intanet yana da nauyi ga yawancin gidajen da nake hulɗa da su a Birni da Zango, kuma idan layi ya yi rauni hoto ne yake fara maƙalewa.

Abin da ya raba mini gardama shi ne cewa fuskoki shida na ƙwayar suna cikin tsarin Unicode, wato tsarin da ke ba haruffa da alamomi lambobi a na'urori, tun fitowa ta 3.2 a shekarar 2002, kowace da lambarta kamar yadda ƙ da ɗ da ƴ suke da nasu. Suna jere daga U+2680 zuwa U+2685, wato daga 9856 zuwa 9861 a ƙidayar da muka saba. Idan aka rubuta ⚀ a cikin HTML, wato yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, burauza (manhajar buɗe shafuka) za ta nuna ⚀ mai ɗigo ɗaya, idan kuma aka rubuta ⚅ sai ⚅ mai ɗigo shida ta fito. Wanda ya fi son ƙidaya mai tushe goma sha shida yana iya rubuta ⚀ ya samu abu ɗaya. Kowace alama baiti uku kacal take ci (baiti ƙaramin ma'aunin nauyin bayanai ne) a UTF-8, wato tsarin adana haruffa a fayil, abin da ko kusa ba za a haɗa shi da nauyin hoto ba.

Jeruwar lambobin ita ce ta fi yi mini amfani. Tun da babu giɓi a tsakaninsu, ba sai na ajiye jerin alamomi shida ba. A JavaScript, yaren da ake ba shafi umarnin aiki da shi, na sa shafin ya zaɓi adadi tsakanin ɗaya da shida, ya ƙara shi a kan 9855, sannan ya miƙa sakamakon ga String.fromCodePoint, wadda take mayar da lamba zuwa alama. Adadin da aka zaɓa ɗin shi ne nake riƙewa don duba amsar yaro, alamar kuwa ta kallo ce kawai.

Inda aikin ya fi neman haƙuri shi ne wajen gwaji a wayoyin mutane. Lambar tabbatacciya ce a ko'ina, amma zanen da ido yake gani yana fitowa ne daga salon haruffan da ke cikin na'urar mai karatu. A kwamfuta mai Windows, Segoe UI Symbol yana da waɗannan fuskoki, haka ma DejaVu Sans da ake samu a yawancin na'urorin Linux. A wata tsohuwar waya ta mahaifin wani ɗalibina kuwa, ɗan akwati ne fanko ya fito a madadin ƙwayar, domin babu salon da ya san alamar a cikinta. Duk wanda ya taɓa aika saƙo da ƙ ko ɓ ya ga ta koma akwati a wayar abokinsa ya san irin wannan matsala, tushensu ɗaya ne. Na jera sunayen salon haruffan a font-family, wurin da ake faɗa wa shafi salon haruffan da zai yi amfani da su, domin burauza ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan na sa adadin ya riƙa fitowa da ƙananan alƙaluma a ƙarƙashin kowace ƙwaya idan an taɓa wani maɓalli, saboda kada darasi ya tsaya a gidan da wayarsu ba ta iya zana alamar.

Akwai kuma batun girma. A girman rubutu na yau da kullum ɗigogin suna cuɗewa, har mutum ya kasa raba ⚃ da ⚄, don haka na ninka girmansu sau da yawa, na bar su baƙaƙe a kan farin fage. Da yake haruffa ne, launi da girma duk suna bin umarnin CSS, wato yaren da ke tsara kamannin shafi, kuma ba sa dishewa komai faɗaɗa su.

Wanda ya zaɓi ya liƙa alamar kai tsaye cikin fayil maimakon rubuta lambarta, lallai ne ya bayyana UTF-8 a kan shafin, in ba haka ba burauzar da ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252 za ta nuna âš€ a wurin ⚀. Rubutu da lamba ba ya gamuwa da wannan, shi ya sa na fi amincewa da shi. Na kuma ƙara aria-label, wato laƙabin da ba ya bayyana a fuskar shafi, ga kowace ƙwaya da kalmar Hausa, ɗaya ko biyu har shida, domin manhajar da ke karanta wa makafi shafi ta faɗi adadin.

Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sa alamar 🎲 mai launi, wadda ta shigo a Unicode 6.0 a 2010 da lamba U+1F3B2. Na sa ta a kan maɓallin jifa kawai, domin zane ɗaya gare ta da ba ya canzawa, ba za ta iya nuna wa yaro cewa huɗu ce ta fito ko shida ba.